Mazan Jiya da Abokan Yaƙinsu

A watan Yuni na 1940 Jamus ta mamaye Faransa, ta kama dubban sojojin Afirka, har da ƴan ƙasar nan, ta tsare su a sansanoni cikin Faransa. A 1943 aka damƙa gadin wasunsu ga hafsoshin Faransa, waɗanda dā suka sha wuta tare. Mazan jiya da suka komo gida ba su yi wa abokan nan kuɗin goro ba. Sun yabi wanda ya raba burodinsa da su, sun zargi wanda ya juya musu baya. Amana suka duba, ba anini a kafaɗa ba. Da ita talakawa ke auna sarauta har gobe.