Ina Ruwanmu da Teku?

 

Da sakatare ya aiko cewa ni zan yi magana bana, na ce masa ban iya jawabi ba, amma akwai bashin da nake son biya. Mai bashin shi ne Malaminmu na Labarin Ƙasa, ga shi nan zaune a sahun gaba. Muna aji uku ya shigo da taswira ya shimfiɗa bisa tebur, ya nuna mana waɗansu layuka masu karkacewa kamar sawun maciji, ya ce kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu daga teku daidai yake. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, mu da ba mu taɓa ganin teku ba, ina ruwanmu da shi?" Aji ya fashe da dariya. Malam bai ɗauki bulala ba, ya ce, "Ranar da ka gane ruwanka da shi, ka zo ka gaya mini." To, Malam, yau na zo.

Kowa a nan yana tune da ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018, wadda ta ci rayuka da gidaje masu yawa. Jibiya maƙwabciyarmu ce, amma hankalina bai tashi ba, don a ganina mu mutanen Karare a tudu muke. A wannan shekarar na gina wa mahaifiyata ɗaki biyu a gidanmu. Da damina ta zagayo, ruwan dare ɗaya ya shiga ɗakin, ya jiƙa gindin bango, ya lalata buhunan gero. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗakin kakanka na ƙasa ne, bai taɓa shan ruwa ba. Naka na siminti ga shi yana iyo." Kunya ta kama ni, na ƙudura sai na san tsayin gidanmu.

Na fara da wayar hannu, wadda take karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam. Na tsaya a ƙofar zaure, ta nuna mini adadin da bai yi nisa da mita 500 ba, wato wajen ƙafa 1,600. Sai dai adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yanzu ya hau, an jima ya sauka, ni kuwa ko taku ban yi ba. Ashe waya ta fi gwaninta wajen nuna inda mutum yake a kan faɗa masa tsayinsa, tana iya kuskure da mita goma ko fiye.

Daga nan na nemi taswira irin ta Malam, mai ma'aunin 1:50,000, wadda ma'aikatan safiyo na tarayya suka zana. Su daga bakin teku a Legas suka ɗauko awo, suna tafe suna kafa alamun siminti har Arewa. Na kuma duba taswirar intanet, wadda yawancin tsayin da take bayarwa ya samo asali ne daga awon da kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi wa doron duniya a watan Fabrairu 2000. Duka biyun ba su saɓa wa waya da yawa ba.

Na ji daɗin abin da na koya. Birnin Katsina ya ɗan haura mita 500, Sakkwato tana wajen 300, Jos ta kai 1,200, dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba kuwa, wanda ya fi kowane tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. Saboda tsayinmu, ruwan shayi yana tafasa a wajen digiri 98 a Batsari da Safana, ba 100 ba kamar a Legas. Ruwan da ya sauka a yankinmu kuma gangarawa yake yi ya shiga Gulbin Rima, ya haɗu da Kwara, ya zube a Tekun Atilantika. Ka ji ruwanmu da teku na farko, Malam: can yake zuwa.

Amma duk wannan bai gaya mini dalilin jiƙewar geron tsohuwa ba. Tsakanin layi da layi a taswirar akwai ƙafa 50, damuwata kuwa ba ta kai kamu biyu ba. Wanda ya warware mini matsalar wani dattijon magini ne da bai taɓa shiga aji ba. Ya zo da doguwar mesa mai garai-garai, ya cika ta da ruwa, ya ba ni baki ɗaya na riƙe a dokin ƙofar ɗaki, shi ya kai ɗayan bakin hanya. Ya ce ruwa ba ya ƙarya, inda ya tsaya a nan, nan ya tsaya a can. Muka sa alama, muka auna zuwa ƙasa. Daɓen ɗakina ya fi hanya ƙasa da taki biyu. Na kakana kuwa a kan ɗan tudu aka ɗora shi. Gidan da ya ɗara teku da mita 500, taki biyu ne suka ci shi. Muka ɗaga daɓe, muka buɗe kwata zuwa gangare, tun daga nan ruwa bai sake shiga ba.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu muna gini a garuruwanmu, muna aika kuɗi ba mu je mun ga fili ba. Roƙona shi ne kafin a haƙa harsashi, a tambayi dattawan unguwa inda ruwa yake bi da inda yake kwana, sannan a sa magini ya auna da mesa. Ina kuma ba ƙungiya shawara ta saya wa makarantarmu taswirar yankinmu, yara su ga garuruwansu a cikinta.

Malam, na biya bashi, sauran kuma a yafe mana.