Addu'a ga Baƙin Hamada

Agadez ƙofar hamada ce. Masu neman hanyar Libiya suna ratsa ta, waɗanda Aljeriya ta koro ta Assamaka suna dawowa cikinta hannu rabbana. Cikinsu akwai Kiristoci daga Najeriya da Kamaru, kuma cocin Katolika na garin, da ke ƙarƙashin Dayosis ɗin Maradi tun 2001, yana tara su don addu'a ranar Lahadi.

Wanda ya binne abokin tafiyarsa cikin rairayi yana bukatar abinci, yana kuma bukatar mai sauraronsa da wurin da zai natsu ya gana da Ubangijinsa. Shugabannin coci, ku ware wa baƙin nan lokaci har a tsakiyar mako. Maƙwabta Musulmi, ku riƙe su da mutunci, domin baƙo amana ne.