Gishiri Da Gubar Da Tafasa Ba Ta Kashewa

 Yau shirin namu na kan ruwan kogi ne, kuma zan fara da ɗan gwajin da kowace uwargida za ta iya yi a madafinta.

Ki zuba ruwa a tukunya, ki jefa cokalin gishiri, ki ɗora a wuta. Bar shi ya tafasa har ya kusa ƙonewa, sai ki ɗanɗana. Ya fi dā zartsi, ko ba haka ba? Idan kika bari ya ƙafe, farin gishirin za ki tarar manne a gindin tukunya. To, ku riƙe wannan da kyau: tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot, amma gishiri da sinadaran da suka narke a ruwa, wuta ba ta yi musu komai. Ƙara musu ƙarfi ma take yi, tunda ruwan ne ke tafiya a tururi, su kuwa suna nan daram.

Mu leƙa Kano. Masana'antun jima sun daɗe a Sharaɗa da Challawa da Bompai, kuma dubban iyalai na ci a ƙarƙashinsu, ba mai musun wannan. Sai dai fata, tun daga mayanka, da gishiri ake cuɗe ta don kada ta ruɓe. In ta isa masana'anta, sai a jiƙa ta a wanke, gishirin nan ya bi ruwa. Daga nan a sa farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a tuge gashin, sannan a jeme ta da sinadarin kuromiyom, wanda shi ke mayar da ita shuɗi-shuɗi. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke aiki, wadda ƙasa ke iya cinyewa. Kuromiyom kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa.

Ina ruwan wankin nan ke zuwa in ba a tace shi ba? Na Sharaɗa yakan bi rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai ya bi Getsi ya haɗe da Jakara, har madatsar Wasai. Shi kuma Challawa, in ya haɗu da kogin Kano, sai su nausa ta Wudil zuwa Haɗeja da fadamun Nguru. Abin da aka zubar a bayan katangar masana'anta, masuncin da bai taɓa taka Sharaɗa ba zai iya tarar da shi a komarsa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai lambu. Da rani, lokacin da kogi ya ja baya, babu ruwan sama da zai tsarma dattin, a lokacin ne kuma yake kunna injinsa ya ba latas da alayyafo da kabeji ruwa. Ku dubi gefen kunyarsa da hantsi, za ku ga wani farin ɓawo kamar an barbaɗa kanwa. Bakin ganye ya ƙone, shuka ta tsumbure alhali ƙasa a jiƙe take, domin gishiri na hana saiwa jan ruwa. Sai bawan Allah ya ɗauka taki ne ya yi kaɗan, ya ciyo bashi ya ƙara, abu ya daɗa lalacewa.

Wani zai ce ai akwai matatar ruwa. Gaskiya ne, amma alam laka yake kwantarwa, kulorin kuma ƙwayoyin cuta yake kashewa. Gishirin da ya narke wucewa yake yi salin-alin. Na'urar da ke iya cire shi tana da tsada, tana kuma shan lantarki sosai. Shi kuwa kuromiyom, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha, abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji.

Shi ya sa nake ganin maganin na bakin bututun masana'anta ne. A kakkaɓe gishirin fata tun tana busasshiya kafin a jiƙa ta. A ware ruwan kuromiyom daban, a kwantar da shi a sake jima da shi, wanda hakan ma ragin kashe kuɗi ne ga mai masana'anta. Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don tabbatar da bin dokokin muhalli, saura a riƙa ɗibar ruwan nan ana aunawa, musamman da rani, a kuma faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa.

Manoma 'yan'uwana, in kun ga ruwa ya canja launi, ko yana kumfa, ko kifi na tasowa matacce, ku kashe injin, ku sanar da mai unguwa da malamin gona a ranar. Iyaye mata kuma, ruwan da ya fito daga irin wannan rafi, ko an tafasa shi, kada a ba yaro.