Gurɓataccen man gas: wa zai biya gyaran tarakta?

Yau maganar tarakta zan yi. Ruwa ya fi man gas nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki, ya kawo tsatsa, ya lalata injekta da famfon mai. Ka kai wa dila, ya ce garanti bai shafi gurɓataccen mai ba. Gidan mai su ce ai duro ɗinka ne. Damina kuwa ba ta jiran kowa.

To matasa manoma, shawarata: ku karɓi rasit duk sayen mai, ku ajiye kaɗan a kwalba mai tsabta da kwanan wata. Kullum da safe ku tsiyaye ruwan filta. In dila ya ƙi gyara, ya rubuta dalilinsa, ku kai ƙara hukumar FCCPC.