Gidan tarihi na masu rai ne

Jawabi ga ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci na Gangara da kewaye

 

Zancen yau a kan gidan tarihi ne. Wasu suna cewa wurin Nasara ne da ƴan boko. Wasu suna cewa ɗakin ajiyar tarkace ne. Ku saurari labarin wanda ke Yamai, sa'annan ku yanke hukunci da kanku.

Yadda aka kafa shi

An buɗe gidan tarihi na ƙasa a Yamai a shekarar 1959, kafin Nijar ta samu mulkin kai a 1960. Mutanen Yamai suna ce masa Mize. Bubu Hama ne ya tsaya tsayin daka har aka kafa shi. Malamin lekol ne, marubuci, kuma shi ne shugaban majalisar dokoki a lokacin. Ya rasu a 1982, yanzu gidan yana ɗauke da sunansa. Shugaban gidan na farko wani Bature ne mai suna Pablo Tuse.

Filin ya kai hekta 24. A ciki akwai tufafin gargajiya, da kayan kiɗa, da makamai. An gina gidaje irin na Hausawa, da Zabarmawa, da Fulani, da Buzaye. Akwai zaki da kura da dorina. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas. Akwai kuma itacen nan na Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada har mota ta kaɓe shi a 1973.

Abin da ya raya gidan

Waɗanda suka kafa gidan sun gane abu guda. In an jera kaya aka rufe ƙofa, talaka ba zai taka wurin ba. Don haka suka jawo jama'a ciki ta hanya uku.

Ta farko, sun ba masu sana'a wurin zama. Dukawa suna ɗinka jaka da takalmi. Maƙeran farfaru suna ƙera zobe da sarƙa. Masaƙa suna saƙa. Mai kallo yana tsaye yana ganin yadda aiki ke fita daga hannu. In ya yi masa, ya saya. Mai sana'a ya samu na cefane, yaronsa kuma yana gefe yana koyo.

Ta biyu, sun buɗe wurin aiki na naƙasassu. Makaho da gurgu, waɗanda da sai bara, suka koyi aikin hannu suna sayarwa. Wanda ya ci guminsa ba ya sunkuyar da kai gaban kowa.

Ta uku, sun buɗe makarantar koyon sana'a don yaran da suka bar lekol. Yaron da ake cewa ya lalace, sai ga shi ya fito da sana'a a hannu.

Ban da wannan, malaman lekol suna kawo ɗalibansu. Yaron birni da bai taɓa ganin rumbu ba, can yake ganinsa. Haka gidan ya zama na kowa. Daga baya aka buɗe wasu gidajen tarihi a Damagaram da Doso.

Abin da ke faruwa in ba a kula ba

A 1975 aka gano wani tsohon wuri a Bura, cikin jihar Tilaberi. Akwai tukwane da kawunan mutane na yumɓu da aka binne shekaru aru-aru. Wani masani ɗan Nijar, Bube Gado, ya yi aikin tono a wurin a 1983. Da labari ya bazu, sai ƴan kasuwa suka shigo. Aka riƙa haƙa dare da rana, ana ba mutanen ƙauye ƴan kuɗi kaɗan, ana kai kayan Turai ana sayarwa da tsada. Kuɗin sun ƙare tuni. Kayan kuwa ba su dawo ba.

A 1997 gwamnati ta yi doka ta kare kayan tarihi. Dokar ta hana tona tsofaffin wurare da fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izini ba. Amma doka tana Yamai, kayan suna cikin ɗakunanku. Ku ne masu gadi.

Ina ruwan Gangara?

Wani zai ce Yamai da nisa, ina ruwan manomin Gangara? To, ku duba gidajenku. Roba ta kori ƙwarya. Bokiti ya kori tulu. Yarinya nawa ce yau ta iya riƙe mazari ta kaɗa zare? Gyartai nawa suka rage a kasuwa? In tsohuwa ta rasu, sai a zubar da taskirarta, ko gara ta cinye akushin. In tsohon maƙeri ya rasu bai koya wa kowa ba, maƙera ta mutu tare da shi.

Kuma nunin kaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyaye mata sun san jere. Amarya tana jera ƙore da faya-fayi da tasoshi, mata su shigo su gani su yaba. Wannan ma nuni ne. Jihar Maraɗi tana da abin nunawa. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje. Tarihin Gobir yana Tsibiri, cikin gundumar Gidan Runji. Tarihin Katsina yana Maraɗi da Tasawa. Kowane ƙauye yana da nasa.

Abin da gari zai iya yi

Ba sai an jira kuɗin gwamnati ba. Ga shawara guda biyar.

1. A nemi ɗaki guda mai rufi mai kyau, kusa da makaranta ko ƙofar maigari. A share, a yi maganin gara.

2. Kowane gida ya kawo abu ɗaya aro: sungumi, mazari, tandu, zabira, kwari da baka, gwado, gurmi. Abin yana nan na mai shi. Ran da ya so, ya ɗauka.

3. Ɗaliban yaƙi da jahilci su ɗauki littafi. Su rubuta sunan abu, da mai shi, da wanda ya yi shi, da amfaninsa. Su manna ƴar takarda jikin kowane abu. Ga inda karatunku zai yi rana.

4. Bayan girbi, a sa rana ɗaya a mako. Maƙeri, ko mai ginin tukwane, ko mai zanen ƙwarya ya zauna ya yi aiki a gaban yara. Tsofaffi su ba da labarin kafuwar gari, masu karatu su rubuta. Kada a bar naƙasassu a baya.

5. Ranar kasuwa a buɗe ɗakin, a sayar da sabbin kayan da aka yi. Na gado kuwa ba na sayarwa ba ne. In baƙo ya zo neman tsofaffin kaya, ko wani ya tono abu a gona, a sanar da maigari da magajin gari.

Jama'a, mutanen ƙasar Agye sun san wani darasi. Bayan farin shekarun 1980, gonaki sun zama fili fetal. Manoma irin na Ɗan Saga suka daina sare tohon kututture, suka riƙa gyara shi suna tsaronsa. Yau itatuwa sun dawo. Sana'ar kakanni ma haka take. Saiwarta tana nan da rai a hannun tsofaffi. A yi hanzari tun suna nan.

Wanda ya samu zuwa Yamai, ya shiga Mize ya gani da idonsa, ya dawo ya ba ƴan'uwa labari. Gani ya kori ji.

Allah ya ba da damina mai albarka. Allah ya ƙara fahimtar karatu. A sauka gida lafiya.