Imani da Maƙwabtaka: Darasi daga Ƙasar Makarfi



Duk wanda ya san ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan ya san akwai ƙauyukan da Musulmi ke maƙwabtaka da Kirista jikokin Maguzawa, harshensu ɗaya, kasuwar rakensu ɗaya. Amma wutar da ta tashi a Kafanchan cikin 1987 sai da ta lashi Ikara. Haka kuma a watan Agusta na 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, shugabannin addini 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kaduna, bayan wata uku aka sake zubar da jini. Ashe sa hannu kaɗai ba ya kashe gobara.

To, ina mafita? Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa a rikicin 1992, Fasto James Wuye ya rasa hannu. Daga 1995 suka fara zama tare, alhali babu wanda ya saki addininsa. Mai tabbataccen imani ba ya tsoron sauraron maƙwabcinsa. Mai shakka ne ke gudun zance.

Ku da za ku riƙe ofisoshin gwamnati, ku sani adalcinku ga wanda ba addininku ɗaya ba shi ne wa'azin da zai fi ji.