Direban Aro: Wa Zai Biya Ɓarna?



A Ingila akwai direbobin manyan motoci marasa ubangida tsayayye. Kamfanin dillancin ma'aikata ke tura su, yau nan, gobe can. To, idan ɗayansu ya yi karo, ko ya tsaya inda aka hana, wa zai biya?

Tarar da hukumar gari ke yankawa a kan tsayawa, a wuyan mai mota take. Gyara kuwa na inshora ne, ban da wani kaso na farko da ba ta biya. Amma sau da yawa a albashin direba ake son zaftare su duka.

Dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996, sashe na 13, ta hana irin wannan zaftarewa, sai in yarjejeniyar aiki ta tanada, ko direban ya yarda a rubuce tun kafin abin ya auku. A ganinmu wannan kariya ba ta isa ba. Mai neman na tuwo, da asuba, mota na jiransa, yaushe zai tsaya karanta takarda kafin ya sa hannu? Wanda ya tura shi sauke kaya a titin da babu wurin tsayawa kuwa yana ofis, ko kwabo bai fita daga aljihunsa ba.